Kati Na Biyu a Mizanin Yaya Hamidu

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa, a ƙarshen damina irin wannan, riɗi ya fara nuna a gonakin Fashaga. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma bai yi doguwar jinya ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yansa a gidana mu yi masa addu'a, mu ci abinci, kowa ya kama gabansa. Bana na ga addu'ar cikin gida ba za ta sauke min abin da ke ƙirjina ba, shi ya sa na roƙi fili a wannan jarida, ni da alƙalami bai saba da hannuna ba. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Salihu, sana'ata tuƙin lori. Akwai wani aiki da ya bari a nan Gadarif wanda nake ganin yana lalacewa a kan idona ba tare da ko waya ɗaya ta tsinke ba, kuma ina tsoron kafin riɗin bana ya gama shigowa za a take mutum a kansa.

Ga wanda bai san shi ba, Hamidu ma'aikacin lantarki ne, irin masu haɗa injinan masana'anta da akwatunan da ke ba su umarni. A Hartum ya yi karatu, ya yi aiki a wata masana'antar matse mai a can, sannan ya dawo gida da tsufa ya kama mahaifinmu. Ban taɓa ganin mutum mai fargaba irinsa ba. In ya kulle ƙofa sai ya dawo ya girgiza kwaɗon. In zan tafi Gallabat da kaya sai ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa tayoyi kamar shi ne zai tuƙa, ni kuwa ina zaune a sitiyari ina cika ina batsewa. A gida Kada-dai muke ce masa, don kusan kowace maganarsa da haka take farawa: kada dai ruwa ya shiga, kada dai wani ya taka, kada dai ka manta. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ƙwanƙwasa tayarsa.

Aikin da nake magana a kansa yana wani babban sito a bayan gari, inda ake sayen riɗi da dawa daga hannun manoma. A bakin siton akwai mizani, wato wani faffaɗan faifan ƙarfe da lori ke hawa a auna shi da kayansa. In ya sauke sai ya dawo a sake auna shi fanko, bambancin shi ne nauyin kayan. A da magatakarda ne ke leƙa allon mizanin ya rubuta, kuma ba a wuni ba a yi musu ba. Wannan ya ce awonsa aka ba wani, wancan ya ce na safe aka haɗa masa da na yamma. Masu siton suka gaji suka kira Hamidu.

Abin da ya tsara musu ba shi da wuyar fahimta. Kowace mota tana da katinta. In ka hau mizani sai ka miƙa hannu ta taga ka kanga katin a jikin wata 'yar na'ura, ita kuma ta aika lambarka ta waya zuwa akwatin sarrafawa da ke ɗakin awo. Akwatin ya jira motar ta daina rawa, ya kama nauyin, ya ɗaure shi da lambar katinka, ya miƙa wa kwamfuta. Bayan nan ne dogon ƙarfen da ya gitta hanya a gabanka zai ɗaga ka wuce.

A baki ne abin yake da sauƙi. Na'urar karanta katin don ƙofofin ofis masu sanyi aka ƙera ta, akwatin kuma ɗan masana'anta ne, kowanne da yaren da yake ji, kuma Hamidu ya sha wuya kafin ya sa su fahimci juna. Sai na'urar ta aika lamba, akwatin ya karanta wata daban. Ya gyara wannan, rana ta gasa murfin roba har ya lanƙwashe. Ya yi masa rumfar langa-langa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar awo, akwatin ya manta motar da ke kansa, sai da ya sa masa batir da farantin sola. Motata ce ya mayar abin gwaji. Na hau mizanin nan na sauka har kaina ya fara juyawa, in na ce na gaji sai ya aika a kawo min jabana, wato gahawa, mai zafi da citta ya ce saura sau ɗaya. Sau ɗayan Hamidu ba ya ƙarewa sai an kira magariba.

Ana gab da miƙa aikin na iske shi tsugune a ƙarshen mizanin, wajen da tayoyin baya ke tsayawa, yana kafa wata na'urar karanta kati ta biyu. Ba a tsayin hannu ya kafa ta ba. Ƙasa da gwiwa ya sa ta, yadda sai mutum ya durƙusa kafin katinsa ya kai. Na tambaye shi ko ƙarfen ne ya ƙare masa, ya ce a'a, haka yake so. Ya tsara akwatin ne ta yadda ƙarfen gaba ba zai ɗaga da katin direba kaɗai ba, sai mai gadin mizani ya tako har bayan motar, ya durƙusa, ya kanga nasa katin. Duk wanda ya durƙusa a wurin kuwa, ko yana so ko ba ya so, idonsa zai faɗa ƙarƙashin motar tun daga baya har gaba.

Wanda ya san kaka a Gadarif zai gane abin da ya tsorata shi. Leburorin girbi kan hau saman buhuna su biyo mu daga gona zuwa gari. In an iso mizani sai su sauka don kada a auna da su, kuma a filin nan babu bishiya ko ɗaya, inuwar da ake da ita ta lori ce. Motar kan daɗe a kan mizanin bayan an kama nauyi, don sai mai duba ingancin kaya ya hau ya soka buhuna da tsinken ƙarfensa ya ɗebi samfuri. A wannan tsakani mutumin da ya wuni yana yankan riɗi zai jingina da taya, wani ya zura kai ƙarƙashi, wani barci ya sace shi. Ba a taɓa take kowa a wurin ba. Hamidu dai ya ga wani ya fito daga ƙarƙashin motata yana miƙa, ni kuma na riga na tayar da inji, tun daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba.

"Ya Salihu, kai kana sama, ba ka ganin ƙarƙashinka," in ji shi. "Ina so in ƙarfen nan ya ɗaga, ka san wani ya duba maka. Halas, shi ke nan."

Manajan siton bai so ba, ya ce abin zai ja layi. Hamidu ya ce haka aikinsa yake, in ba a so a nemi wani ya ƙarasa. Kaka ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa, manajan ya haƙura. Aka ba Baba Idirisu kati na biyu. Baba Idirisu aminin mahaifinmu ne, tare suka yi yankan riɗi a Mafaza suna samari, kuma a lokacin yana da sauran ƙarfinsa, yakan durƙusa ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba.

Direbobi sun yi ta mita da farko, sannan suka saba. Wanda bai taɓa zama a sitiyarin lori mai cike da kaya ba ba zai gane abin da ɗagawar ƙarfen nan ta zame mana ba. Madubi yana nuna maka gefe, ba ya nuna maka tsakanin tayoyi. A ko'ina in zan tashi mota hankalina ba ya kwanciya har sai na ji tayoyin baya sun wuce lafiya. A mizanin Hamidu kaɗai nake sakin birki da zuciya ɗaya. Bayan rasuwarsa har wani sanyi nake ji in ƙarfen ya ɗaga, kamar shi ne ya ɗaga min hannu ya ce tafi.

Hamidu bai ga abin da yaƙi ya yi wa Hartum ba, bai ga na jihar Jazira ba. Wani lokaci nakan ce Allah ne ya yi masa sauƙi, don mutumin da kwaɗon ƙofa ke hana shi sukuni ban san yadda zai yi da yaƙi ba. Wani lokaci kuma nakan ce da yana nan da ya san abin yi. Gadarif da ya bari ba ita ce wannan ba. Garin ya cika ya tumbatsa da 'yan gudun hijira. Malaman makaranta suna sayar da shayi a bakin titi, ma'aikatan banki suna dakon buhu, kuma babu gidan da bai ƙara tabarma ba. Motoci ma sun ƙaru, har da direbobin da ba su taɓa sanin Hamidu ba, waɗanda suka gudo da motocinsu suka shiga layinmu. Layin mizani yakan kai har bakin kwalta, kowa jijiyar wuyansa a tashe.

Sannan ga mata masu tsintar hatsi. A zamanin Hamidu abin da ya zube daga buhunan da aka soka na tsuntsaye ne. Yanzu mata ne ke zuwa da tsintsiya da 'yar roba su share shi, su kai gida su bakace, su wanke, su ciyar da yara. Ba su jira mota ta tashi, don in ta tashi ta baya za ta hau ta niƙe riɗin da ƙasa. Saboda haka da zarar mai duba kaya ya soka buhu sai su sulale ƙarƙashi. Akwatin ya riga ya kama nauyi a lokacin, ba ruwansa da wanda ya shiga daga baya. Masu gadi sun kore su har sun gaji, kuma ban ga laifin wanda ya daina korar ba, don wanda ya ga abin da ke cikin robar ba zai iya ɗaga murya ba.

A cikinsu akwai wata dattijuwa, Hajja Batulu. Bahaushiya ce daga wani ƙauye kusa da Madani, inda danginta suka daɗe suna noman auduga. Da jikokinta ta iso Gadarif. Kunnenta ya yi nauyi tun ranar da wani abu ya fashe kusa da gidanta, in za ka yi mata magana sai ka tsaya a gabanta ta ga bakinka. Mace ce mai tsabta da kamun kai, tana shara kamar tsakar gidanta take sharewa.

A tsakiyar duk wannan ne gwiwar Baba Idirisu ta gaza. Motocin da yake durƙusa wa a wuni sun ninka, shekaru kuma sun hau. Ban san ranar da ya fara ba, amma a damina ta bana na hango shi ta madubi ya tako bayan motata, ya tsaya ƙyam, ya miƙa sandarsa ƙasa. Ya ɗaure katin a bakin sandar da robar tubun taya. Na'urar ta yi ƙara, ƙarfen ya ɗaga, shi kuwa idonsa yana kan motar da ke baya yana amsa gaisuwa. Gabana ya faɗi har na kasa sa giya.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne kowa ya yaba. Direbobi suka ce Baba ya yi dabara, layi ya ƙara sauri. Wasu ma cewa suka yi dama can abin bai dace ba, dattijo mai furfura yana durƙusawa a bayan motar yaron da ya haifa, yaron kuma yana zaune a sama yana jin rediyo. Kuma ni ma a gidan nan aka raine ni. Mutumin da ya riƙe makarar mahaifina, wanda ya yanka ragon sunan ɗana na fari, da wane baki zan ce masa Baba durƙusa? Duk wanda ke filin nan zai iya gaya wa manaja baƙar magana, amma babu wanda zai iya gaya wa Baba Idirisu wannan kalma guda.

Nakan tambayi kaina abin da Hamidu zai ce da ya ga sandar nan. Ya yi tunanin ruwa, ya yi tunanin rana, ya yi tunanin ɗaukewar wuta da ɓerayen da ke cin waya, har ya yi tunanin direban da zai ari katin ɗan'uwansa. Bai yi tunanin gwiwar Baba za ta tsufa ba, kuma bai yi tunanin kunyarmu ba. Ina jin da ba zai yi faɗa ba, don ban taɓa jin muryarsa a sama ba. Da zai tsuguna a wurin ya zuba wa na'urar ido ya daɗe, sannan ya tafi gida ya kasa cin abinci. Da kuma kafin mako ya fita ya dawo da wata dabara. Ni ba ni da kansa. Abin da na iya shi ne in ji tsoro.

Na fara kai kukana wajen injiniyan da ke kula da akwatin yanzu. Saurayi ne daga Hartum, shi ma gudowa ya yi, mai natsuwa, kuma yana girmama aikin Yayana, har yakan ce bai taɓa ganin wayoyi a jere da tsabta haka ba. Ya buɗe kwamfuta ya nuna min. Kowace mota da ta wuce an kanga mata kati na biyu, babu wadda aka tsallake, a wajen akwatin komai tamam yake, babu matsala. Ya ce akwatin ba zai iya bambanta gwiwa da sanda ba, kati kawai ya sani. Ya ce akwai na'urar da za a iya sawa ta riƙa leƙa ƙarƙashin mota da kanta, amma shagunan da ke sayar da ita a Hartum suke, kuma kowa ya san halin da suke ciki. Abin da ya fi tsorata shi shi ne in ya kai maganar sama, abu na farko da zai zo wa manaja shi ne a cire na'ura ta biyun gaba ɗaya tunda layi ya yi tsawo, a sallami Baba tare da ita. Ya ce ni na gida ne, in fara magana da tsohon.

Na ce to, na kuma kasa. Kullum in na shigo layi nakan ce yau zan yi, in na ga fuskarsa sai in gaishe shi da gajiya in wuce. Abin da na koma yi shi ne sauka da kaina. Ƙarfe zai ɗaga, in ja birkin hannu, in buɗe ƙofa, in sauko, in durƙusa in leƙa. Na bayana su dinga danna oda kamar gobara ta tashi. Wani ya ce ko zinare na yar, wani ya ce ciwon Kada-dai ashe na gado ne. Ni da ake tsoron bakina a tasha, sai na koma haɗiye magana ina kakkaɓe gwiwa.

Sati biyu da suka wuce na kawo dawar bara daga wani rumbu a Mafaza. Rana ta take, iska ko kaɗan babu. Aka kama nauyi, mai duba kaya ya soka ya sauka, Baba ya miƙa sandarsa, ƙarfe ya ɗaga. Na gaji a ranar, bayana yana ciwo, ga wani sabon direba a baya ya ɗora hannu a oda bai ɗauke ba. Har na taka kuloci. Ban san abin da ya sa na mayar da giyar na sauka ba.

Tana nan. Hajja Batulu tana durƙushe tsakanin tayoyin baya, ta juya wa duniya baya, tana tattara ƙwayar dawa da gefen hannunta. Injina yana ruri a kanta, odar na baya tana tsaga kunne, ita ba ta san ana yi ba. Gefen mayafinta yana kwance daidai gaban taya. Na rarrafa na taɓa kafaɗarta, ta juyo ta dube ni ba tare da ko razana ba.

"Malesh, yi haƙuri, ɗana," ta ce. "Saura kaɗan in gama."

Na riƙo hannunta muka fito. Na zauna a ƙasa a gefen mizanin, na baya ya daina oda. Na tsaya a gabanta yadda za ta ga bakina na roƙe ta don Allah kada ta sake shiga. Ta gyaɗa kai da ladabi ta ce ai tana kallon tayoyin, in sun motsa za ta fita. Na dubi robarta, ko rabi ba ta kai ba.

A ranar bayan la'asar na sami Baba Idirisu a inuwar ɗakin awo. Ban iya duban fuskarsa ba, ƙasa nake kallo har na gama yi masa maganar sandar. Bai katse ni ba. Ya ce ya ga abin da ya faru, kuma tun kafin ya faru ya san zai faru. Ya ce in yana tsaye yana iya hango gefen taya amma ba ya ganin tsakiya, kuma kowace mota da ya buɗe wa ƙarfe sai ya bi ta da addu'a. Sannan ya gaya min abin da na riga na sani: 'yarsa ta dawo daga Hartum da yaranta, mijinta har yau babu labari, ga ƙanwarsa daga Jazira, duk a gidansa suke, kuma aikin nan ne kaɗai ke shigo da abinci. In ya ce gwiwarsa ta gaza, ya san abin da za a ce masa.

Daga nan ya miƙo min sandar, ya taka zuwa na'urar, ya durƙusa. Sauka ya sauka. Tashi ne ya gagara. Ya dafa ƙasa, ya dafa ƙarfen, ya yunƙura, ya koma. Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi, ni na kalli gabas shi ya kalli yamma. Da numfashinsa ya dawo na gaya masa ina so in rubuta wannan magana a jarida don tunawa da Hamidu, inda masu siton za su karanta a gaban jama'a, ba a bayan ƙofar ofis ba inda sallamar tsoho ba ta da wuya. Ya karɓi sandarsa daga hannuna.

"Rubuta, ya waladi, ɗana," ya ce. "Amma kada ka ce akwatin Hamidu ne ya yi ƙarya. Ni ne na yi masa ƙarya da sanda."

To ga shi na rubuta, Baba, kuma ban ce ba.

Ga masu siton, roƙona bai da yawa. Kada ku cire na'ura ta biyu, kada kuma ku ɗago ta sama, don a ƙasan nan amfaninta yake. Ku ba mai sauran gwiwa katin, ga su nan birjik suna neman aiki a bakin ƙofarku. Baba Idirisu kuma ku ba shi kujera a ƙofar shiga, babu wanda ya san direbobi da motocinsu kamarsa, kuma babu wanda suke jin kunya kamarsa. Ga 'yan'uwana direbobi, na san layi da tsawo, na san rana da zafi. Amma ɗagawar ƙarfen nan a yau ba ta nufin abin da take nufi a da, kuma gara ku ji daga bakina. Tun daga ranar Baba yakan bubbuga jikin mota da sandar ya yi kira kafin ya kanga katin. Wannan zai tashi lebura mai barci, amma ba zai kai kunnen Hajja Batulu ba.

Shekara shida ba ta ci wayoyin Hamidu ba. Akwatinsa yana nan yana kama nauyi daidai, musun awo ya mutu tun ranar da aka kunna shi, kuma masu siton in sun tuna da shi wannan suke yabawa. Ni na san ba shi ne ya fi damunsa ba. Awo ko wane ma'aikaci zai iya gyarawa. Abin da ya zama nasa shi kaɗai shi ne ya tuna da mutumin da ba shi da kati, wanda sunansa ba zai taɓa shiga kwamfuta ba, ya kuma tilasta wa babban sito ya sunkuya dominsa kafin kowace mota ta motsa. Wannan bai zauna a cikin akwati ba, a jikin mutane ya ajiye shi, jikin mutane kuma yana gajiya. Allah ya jiƙan Yaya Hamidu, ya ba shi kwanciyar hankalin da bai samu a nan ba.

Jiya na sake kai kaya. Na sauka na leƙa, babu kowa, na hau na wuce. Da na fita daga kan mizanin na dubi madubi, sai na hango Hajja Batulu zaune a gindin shinge da tsintsiyarta a cinya, tana jiran motar da ke bayana ta hau. Ban san direban ba, kuma har na sha kwana ban ga ya buɗe ƙofarsa ba.